Fijo 504 Mai Rumfa: Inda Kuɗin Gyaranta Yake Tafiya

Garejina ƙarami ne, a Kaduna yake, ni da yara huɗu da fanal bita ɗaya da nake kira idan aiki ya taso. Mafi yawan abin da muke ci da shi motocin yau ne, amma an san ni da tsofaffin Peugeot, domin a kan Fijo 504 na koyi aiki tun ina wanke sifana. Duk bakaniken da ya tashi a garin nan ya san motar kamar yunwar cikinsa, tunda a Kakuri kamfanin Peugeot na Najeriya, PAN, ya fara haɗa motoci a 1975, kuma 504 ta daɗe tana fitowa daga can bayan Turai ta daina yin ta.

Wannan sabo da aka yi da ita ne yake yaudarar mutane idan aka zo kan 504 mai buɗaɗɗen kai, wadda ake naɗe rumfarta a baya. Wani Alhaji ya kawo mini irinta a kan motar ja, ta mahaifinsa ce, ta yi shekaru a ajiye a bayan gida an lulluɓe ta da tamfol. Da ya sauko ya ce, "Malam, ai Fijo ce, kayanta na nan birjik a Panteka. Ka tashe ta kafin bikin 'yata." Na ce, "Ranka ya daɗe, sunan ne Fijo. Injin ɗan gida ne, amma jikin baƙo ne."

Gaskiyar maganar ke nan. Ita wannan mota an fito da ita a 1969, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana ta ya kuma ƙera jikinta a Turin, aka ci gaba da yin ta har 1983. Gaba ɗaya abin da aka ƙera bai wuce dubu takwas da 'yan kai ba. Tazarar da ke tsakanin tayarta ta gaba da ta baya ta fi ta 504 da muka sani gajarta da kusan santimita 19. Ƙofa, bonet, but, fitilu, bamba, babu wanda za ka cire daga tasi ta Kawo ka ɗaura mata ya zauna. Idan fitilar baya ɗaya ta fashe, ba Panteka ba, ko Ƙofar Ruwa ta Kano ko Ladipo ta Legas ka zagaye, da wuya ka dawo da ita.

Injin bai ba ni wahala ba. Mai silinda huɗu ne, lita biyu, ɗan'uwan wanda muka saba buɗewa. Zobe, gasket, famfon ruwa, kulochi, duk na samu a gida a kan farashin da ba zai sa mutum ya dafe kai ba. Muka wanke lagireto, muka sauya tiyo-tiyo, muka sauke tanki muka kankare dattin da tsohon fetur ya bari kamar ƙanzo. Birkin tayoyi huɗun duk na faifai ne, sun ƙame saboda zama, muka kwance muka sa sababbin robobi. Idan na lissafa, cikin kowace naira goma da Alhaji ya kashe, injin da birki ba su ci uku ba.

Wuri ɗaya ne a injin na tsaya na yi dogon tunani. Tamu ta gida da kafireta take aiki, ita kuwa wannan tana da famfon feshin mai na Kugelfischer, na Jamus, irin wanda aka sa wa BMW 2002 tii. Babu kwamfuta a cikinsa, ƙarfe ne zalla, an auna shi daidai da gashin kai. Ba ya son ruwa a cikin mai, ba ya son ƙura, kuma ba ya son hannun mai gwaji. Abokan sana'a biyu sun ba ni shawara in cire shi in ɗaura kafireta, aikin yini biyu, mota ta tashi, kowa ya huta. Na san hakan zai yi aiki. Amma ran da ka cire famfon nan ka rage wa motar daraja, kuma ka rage mata ƙarfi. Na gaya wa Alhaji hanyoyin biyu da abin da kowace za ta ci, ya zaɓi a bar mata kayanta. Muka wanke nozul, muka sa matatar mai biyu, muka bi saitin a hankali har ta daina tari. Da ma a ce dole ta sa an sauya, da na nannaɗe tsohon famfon na ba shi ya adana, domin ba na yarda a zubar da ko ƙusa ɗaya ta asali daga irin wannan mota.

Inda kuɗin ya tafi shi ne ƙasa. Motar da ba ta da rufin ƙarfe, ƙarfinta duk yana dogara ne a kan daɓen ƙasa da dogayen ƙarafan nan biyu da ke ƙarƙashin ƙofofi. Su ne ƙashin bayanta. To rumfa idan ta tsufa tana yoyo, ruwan damina ya sauka ya kwanta a ƙarƙashin kafet, ramukan da aka yi don ya fita sun toshe da laka, tamfol kuma ya hana iska shiga. Shekara da shekaru tsatsa tana ci daga ciki, fenti yana ƙyalli daga waje.

Ga yadda nake gane ta. Na sa jak a gefe ɗaya na ɗaga motar kaɗan, na ce wa babban yarona ya buɗe ƙofar direba. Ta buɗu, amma da ya zo rufewa sai ta ƙi shiga, bakinta ya sauka da kusan kaurin yatsa. Jikin yana lanƙwasa ke nan. Na ɗauko maganaɗisu na bi ƙasan ƙofar da shi, ya kama nan, ya kama can, ya zo tsakiya ya faɗo ƙasa. Da muka kankare sai ga bodi-fila mai kaurin tafin hannu, a bayansa guntun kwanon rufi da wani ya cusa a ramin tun shekarun baya. Raina ya ɓaci ƙwarai ranar, domin wanda ya yi aikin ya karɓi kuɗin mahaifin Alhaji ya bar shi yana yawo da iyali a motar da za ta iya karyewa a rami ɗaya.

Gyaran wannan ba ya son gaggawa. Kafin a yanke ruɓaɓɓen ƙarfe sai an yi waldar sanduna a tsakanin bakin ƙofofi sun riƙe jikin, in ba haka ba motar za ta buɗe kamar littafi, ƙofa ba za ta sake zama daidai ba har abada. Fanal bitana ya yi makonni yana yanka falle, yana bugawa, yana gwadawa. Na ce wa Alhaji bikin zai wuce ba tare da motar ba. Bai ji daɗi ba, ya yi kwana uku bai ɗaga wayata ba, daga baya ya zo da kansa ya leƙa ƙasan motar, ya ce, "Malam, ci gaba."

Sai rumfa. Masu ɗinkin kujerun mota a garin nan gwanaye ne, su suka yi mana kujeru kuma sun fito tsaf. Amma rumfa sai an yanka ta daidai da ƙarafan da ke naɗe ta, da yadi mai hawa-hawa wanda ba ya shan ruwa, ga tagar baya ta roba mai haske wadda ranarmu take mayarwa ruwan ɗorawa ta tsattsage. Ita da robobin bakin gilashi da na ƙofa daga Turai muka yi oda. Akwai 'yan kasuwa a Faransa da Jamus da suka ƙware a kayan tsofaffin Fijo, kuma ƙungiyar L'Aventure Peugeot da ke da gidan tarihi a Sochaux tana sayar da wasu. Duk da Yuro ake biya. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma Yuro ya bi sahu. Ka ƙara kuɗin jirgi da na kwastan. Shi ya sa ba na yanke wa kowa farashin kayan waje da baki. Ina nuna wa mai mota takardar mai sayarwa ya biya da hannunsa, ni kuma in karɓi ladan aikina daban. Hakan ya raba ni da zargi.

Da muka miƙa motar na rubuta wa direban Alhaji abin da zai kiyaye, na manna a cikin but. A tashe ta kowane mako a yi tafiyar da injin zai yi zafi sosai, ba a bar ta tana kuka a tsaye ba. Kada a naɗe rumfa tana jiƙe, kada kuma a naɗe ta da sanyin asubar hunturu lokacin da robar taga ta ƙage. A ajiye ta a inuwa mai iska, ban da tamfol. A riƙa ɗaga kafet ana taɓawa bayan kowane ruwan sama. Baƙin mai a sauya shi ko ba a yi tafiya mai nisa ba, man birki duk shekara biyu, a sha mai a gidan man da aka yarda da shi, a kuma sa ido a kan ɓeraye, don sun fi son wayar motar da ba ta motsi.

Yanzu duk bayan wata uku direban yana kawo ta. Nakan sa jak a wurin nan na farko, in ɗaga, in buɗe ƙofar in rufe da yatsa biyu. Zuwan da ya yi na ƙarshe na sami danshi a bayan kujerar fasinja, muka bi muka gano ramin fitar ruwa ɗaya ya toshe da ganyen darbejiya, yaro ya zura waya ya buɗe shi.