Godiya ga mutanen ɗakin binciken sola

Assalamu alaikum. Mu masu sana'ar haɗa sola daga Sabon Gari, Tudun Wada, Samaru da cikin birnin Zariya muna miƙa godiya ga malamai, injiniyoyi da ɗaliban ɗakin binciken sola da lantarki na jami'a, da suka buɗe mana ƙofa kwana uku a makon jiya ba tare da sun karɓi ko kwabo ba. Allah ya saka da alheri.

Farfesa shugaban ɗakin shi ya ba da izini, Allah ya ƙara girma. Amma wanda ya sha ɗawainiyarmu shi ne dattijon ma'aikacin nan da kowa ke kira Baba. Ranar farko ya ɗora wani kumburarren batir a kan tebur, mai bolt 12 da am 200, ya ce mu yi lissafi. Wat 2,400 ne na awa guda a takarda, amma batirin ruwa ba a shan fiye da rabinsa, wato 1,200. Idan ya huta, mita ta nuna 12.7, ya cika. Ta nuna 12.1, a dakata. Wanda ake tatsa ƙasa da haka kullum ba ya daɗewa, kuma idan ruwansa ya yi ƙasa, tataccen ruwa ake ƙara masa, ba asid ba, ba na rijiya ba.

Sai ya koma kan waya, inda da yawanmu ke tafka kuskure. Kayan wat 1,000 a kan bolt 12 suna jan fiye da am 80. Wannan aikin waya mai kaurin murabba'in milimita 25 ne, gajera. A sa mai 6, sai ta ɗau zafi, bolt ya zube a hanya, inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, ta hau kuka, mai gida ya ce an sayar masa da mataccen batir. Baba ya sa mu auna a bakin batir, mu sake aunawa a bakin inbata, bambancin ya fito ƙiri-ƙiri. Wannan kaɗai ya biya mana kuɗin mota.

Ɗalibai biyu masu digiri na biyu, mace da namiji, su suka hau rufi da mu. Macen ta nuna mana cewa wat ɗin da ke rubuce a jikin farantin sola an auna shi ne a zafin digiri 25. Duk digiri ɗaya da ya ƙaru yana cin kusan kashi 0.4 cikin ɗari, ga shi a bazarar Zariya gilashin yana haura 60. Don haka a bar tazara tsakanin faranti da kwano, iska ta ratsa. Sanyi kuma yana ɗaga bolt: faranti uku masu bolt 49 a jere sun zama 147, a kan kwantrola, wato na'urar da ke daidaita cajin batir, mai iyakar 150. Da safiyar hunturu, sanyi ya sauko digiri 12, sai su haura iyakar, kwantrola ta ƙone. Faranti ya kalli kudu, a karkata shi kamar digiri 12 zuwa 15 don ruwan sama ya wanke shi. Ƙurar hazo kuwa da sassafe ake gogewa da ruwa zalla, kada a watsa wa gilashi mai zafi ruwan sanyi da tsakar rana.

Abokin aikinta ya buɗe akwatin bayan faranti ya nuna diyod uku da ke ciki, wato ƙananan abubuwan da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai. Ɗaya ya haɗe, bolt ya faɗi da kashi ɗaya bisa uku, kuma canza shi ake yi. Faranti nawa aka jefar a garin nan saboda ɗan abin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba?

Sun ja mana kunne a kan wasu abubuwa kafin damina. Birekar wutar gida ba ta kashe tartsatsin wutar sola, a nemi tata. A kuma kafa sandar ƙasa da makarin tsawa, a haɗa batir da kwantrola kafin a jona faranti.

Ba mu manta da masinjan da ya riƙa buɗe mana ɗaki tun ƙarfe bakwai da rabi ba, da Iya mai shara da ta yi haƙuri da guntayen wayoyin da muka zubar. Baba, mitar da ka ara wa yaranmu za a dawo maka da ita ranar Litinin, in sha Allahu. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.