Askar kakana ta ƙi ci

Juma'a. Na tashi da niyyar gyara fuska kafin masallaci, sai aska ta ƙi ci, tsigar gashi kawai take yi har idona ya kawo ruwa. Ta marigayi kakana ce, irin mai naɗewa, an buga Solingen a gindinta, garin maƙeran wuƙaƙe na Jamus. Cikin haushi na rataya fatar washi a ƙusar ƙofa na yi ta gurzawa da ƙarfi. Ban ankara ba sai ji na yi tsit, na yanke fatar wuri biyu.

Na hau kabu-kabu sai unguwar Bagalam, wurin wani tsohon wanzami abokin mahaifina. Yau ranar kasuwa ce, hanya ta cushe, mun sha ƙura.

Na same shi bisa tabarma, zabira a gefensa. Ya karɓi fatar, ya shafa yankan da ɗan yatsa, ya dube ni.

"Ɗana, ta baki kake juya askar ko?"

Na ce, "Eh, Baba."

"To ita fata ba dutse ba ce. Dutse ke cin ƙarfe ya fid da sabon baki. Fata miƙe bakin take yi, don kowane aski yana ɗan lanƙwasa shi, ido ba ya gani."

Ya maƙale fatar a babban yatsan ƙafarsa, ya ja ta ta miƙe tsam. Ya kwantar da askar, baya da baki duka suna taɓa fata, ya ja ta bayanta na gaba, bakin na biye. Da ya kai ƙarshe sai ya mirgina ta bisa bayanta, bakin ya tashi sama, ya dawo. Bai danna ba ko kaɗan, nauyin askar kawai. Wata 'yar ƙara take yi, shuu, shuu, kamar ana tankaɗe. Na ƙirga masa zuwa da dawowa 40. Ya ɗora ta a damtsensa, gashi ya zube ba ko ruwa.

Ni kuwa da na karɓa, hannu ya ƙi. Sau uku yana kama mini wuyan hannu yana cewa in rage sauri, ba tsere ake ba. In fata ta yi sako-sako, in ji shi, bakin aska dakushewa yake yi maimakon ya yi kaifi. Ashe wata uku ina kashe ta da hannuna ina zagin ƙarfen Bature.

Ya ce hunturu ya busar da fatar, in riƙa murza ta da tafin hannu, in ta yi tauri in sa man kaɗe ɗan kaɗan. Askar kuma in goge ta tas bayan aski don tsatsa. Na miƙa masa dala ɗari na goro, ya ture hannuna.

Na sami sallah a sahun waje, cikin rana, da ɗan yanka ƙarƙashin haɓa. Fatar sai Litinin in kai wa dukawa su kankare mini wurin yankan.