Ɗakin da na kama a Chamonix, da abin da uwargida ta ce

Tun da muka dawo Samaru abokan aiki ke tambayata yadda muka yi da masauki a garin nan na duwatsun Faransa, sai na ga gara in rubuta sau ɗaya in huta da maimaici.

Taro ne ya kai ni Jeniba ta ƙasar Suwizalan a watan Yuli, muka tafi tare da uwargida. Da aka tashi taron muna da ragowar kwana biyar a biza, sai muka shiga motar haya zuwa Chamonix, wanda mutanen wajen ke kira Shamoni, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci. Garin yana cikin kwari a gindin Mont Blanc, dutsen da ya haura mita 4,800. Da wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara aka san shi, har ma a nan aka yi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a 1924. Mu kuwa mun je ne lokacin zafinsu, daidai lokacin da damina ta kankama a Zariya, ƙanƙarar ta koma can ƙololuwa, ƙasa sai ciyawa shar.

Ni na kama ɗakin da kaina ta intanet, ina zaune a gida ina jiran a dawo da wuta. Hoton ya burge ni: gidan katako, dusar ƙanƙara har bakin ƙofa, an rubuta cewa taku kaɗan ne zuwa tashar motar nan mai rataye a waya da ke hawa da mutane dutsen Brévent. Ban tsaya na tambayi kaina wa aka yi wa wannan tallar ba. Masu zamiya aka yi wa, mutanen Janairu.

Gidan yana kan gangare. Daga tsakiyar gari hawa ne tsaye, ga akwati biyu, ga uwargida da ciwon gwiwa. Rabin hanya ta tsaya tana haki ta ce, "Malam, in hawan dutse kake so ai ga Kufena can gida, ba sai mun yanki tikiti ba." Ban tanka ba, don ba ni da ta cewa.

Ɗakin kuma can sama yake ƙarƙashin rufi, an gina shi don ya riƙe ɗumi, ya kuwa riƙe. Ɓangaren Brévent yana fuskantar kudu, rana na dukan sa wuni guda. Babu na'urar sanyaya ɗaki, babu fanka, tagar ƙarama. Mutumin da ya sha zafin Afrilu a Zariya, ga shi yana fifita da takardar taro a duwatsun Alps. A ƙasan bene akwai ma'ajiyar kayan zamiya da abin busar da takalma, duk cikin kuɗin da na biya, ba wanda ya amfane mu da komai.

Kwana biyu muka yi muka tattara. Na yi asarar kuɗin sauran kwanakin, wannan kam laifina ne, ban karanta sharaɗin fasawa ba. Muka koma wani ɗan gida a ƙasan kwari, kusa da tashar jirgin ƙasa, a shimfiɗaɗɗen wuri, kanti na nan kusa, da dare kuma in an buɗe taga sai sanyin kogin Arve ya shigo. Jirgin nan yana bin kwarin gaba ɗaya, daga Les Houches ya ratsa gari ya wuce Argentière har Vallorcine, don haka wanda ke kusa da tasha ba ya bukatar mota.

Abin da ya fi mana daɗi shi ne gidan yana da kicin. Abincin yankin cuku ne da dankali, amma sanannun girke-girkensu biyu sai an yi hattara: fondue da farar giya ake narka cukunsa, tartiflette kuma da naman alade ake yi. Uwargida ta zo da yajinta da garin kuka, muka sayi shinkafa da ƙwai da kifi, shi ke nan. Kilishi dai kada ma a ɗauko, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama. Buta kuwa a saka ta a jaka tun daga gida.

Sai maganar salla. Rana ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare, isha ta kai wajen sha ɗaya, asuba kuma wajen huɗu. Barcin ya zama guntu-guntu, shi ya sa labule mai kauri ya zama abin dubawa kafin a biya. Alƙibla ma kudu maso gabas take, ranar farko saura kaɗan in fuskanci inda na saba.

Daga sabon masaukin da ƙafa muka taka zuwa tashar motar waya ta dutsen Aiguille du Midi, wadda ke kai mutum sama har mita 3,842. Da sassafe muka hau, don da yamma hadari kan haɗu a rufe duwatsun. A can sama na ji sanyin da na zo nema, har yatsuna suka ƙage, numfashi kuma sai an ja da ƙarfi. Washegari muka hau ɗan jan jirgin Montenvers muka ga kogin ƙanƙara na Mer de Glace, da alamomin da ke nuna yadda yake ta raguwa shekara bayan shekara.

Wanda zai je ya kauce wa ƙarshen Agusta, lokacin tseren UTMB, inda mutane ke zagaye Mont Blanc da gudu kusan kilomita 170 ta Faransa da Italiya da Suwizalan. Garin cika yake yi maƙil, ɗaki ya yi tsada. Mai kantin da muke sayen burodi ya ce in da hali a zo a Yuni ko Satumba. Uwargida ta ce duk watan da za a koma, ita za ta zaɓi ɗakin, kuma a ƙasa.