Masana kimiyya, rashin imani da akwatin zaɓe

Akwai maganar da ake yawan yi a majalisunmu nan Katsina, wai duk wanda ya zurfafa a karatun kimiyya ƙarshenta sai ya rabu da Allah. To a Amurka dai akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Cibiyar bincike ta Pew ta tambayi masana kimiyyar ƙasar a 2009, kashi 33 cikin 100 suka ce sun yarda da Allah, 18 suka ce akwai dai wani iko da ya fi ƙarfinmu, 41 kau suka ce sam babu komai, wa'iyazubillahi.

Abin da ya ɗaure mani kai shi ne ƙasar da ke tutiya da waɗannan masanan, tana shan magungunan da suka haɗa tana morar na'urorinsu, da zaɓe ya zo sai ta nuna ba ta san su ba. A 1958 cibiyar jin ra'ayin jama'a ta Gallup ta gano kashi 18 ne kacal za su iya zaɓen mulhidi (wanda bai yarda da Allah ba) shugaban ƙasa, a 2019 ya kai 60, wato har yanzu akwai jama'a tuli da ko ya fi kowa cancanta ba za su dangwala mashi ba. Jihohi irin su Texas da Tennessee har yau tsarin mulkinsu na ɗauke da layin da ya hana wanda bai yarda da Allah ba riƙe muƙami, duk da Kotun Ƙoli ta kashe ƙarfin irin wannan doka tun 1961. Wani ɗan majalisar Amurka, Pete Stark, sai da ya haura shekara 30 a majalisa kafin ya iya buɗe baki a 2007 ya ce shi fa bai da imani. Ingila kau ko a jikinsu, Keir Starmer ya faɗa ƙiri-ƙiri kuma ya ci zaɓe ya zama Firayim Minista a 2024.

Ni a ganina wannan matsin bai sa ɗan siyasa ya yi imani, ɓoyewa kawai yake koya mashi. Mu nan ba mai ma gigin faɗin haka, amma ai muna gani, kamfen na matsowa sai gyaran masallaci, rabon gero da suga da azumi, hoton Umara ya cika Facebook, ana rantsar da mutum kuma shikenan an ɓace.

Kuma masu cewa kimiyya ce matsalar, marigayi Umaru Musa 'Yar'adua ai kemistri ya karanta a ABU Zariya har ya koyar da ita, ba wanda ya taɓa tuhumar sallarsa. Da ya hau mulki a 2007 kadarorinsa ya fito ya bayyana wa duniya.