Ashar ɗaya, mudu biyu

Wata ranar Laraba da hantsi ina zaune cikin motar haya a wata tasha a nan cikin garin Gombe, muna jiran ta cika mu kama hanyar Kumo, sai ga wata mata da za ta kai shekara arba'in da 'yan kai ta iso da buhun sukari, da buhun gishiri, da katan biyu na taliya, da alama sarin ɗan shagonta ne na ƙauye. Ta yi ciniki da ɗan kamasho a kan kuɗin kaya, ta ƙirga ta ba shi a gabanmu. Da aka zo lodi sai ya ce kuɗin buhu ɗaya ta biya, ita kuma ta ce na duka ta biya. Gardama ba ta yi nisa ba ya ɗura mata ashar, irin wadda ake ambaton tsiraicin mahaifiya, wadda alƙalami ba ya rubutawa. Na ƙirga, sau uku ya maimaita. Mutumin da ke gefena ya ci gaba da shan rakensa, dattijon da ke gidan gaba bai daina jan carbinsa ba, ni ma ina ta latsa waya.

A na huɗun ne ta mayar masa. Ba ta ƙara ko harafi ɗaya a kan abin da ya faɗa ba, kalmarsa ta ɗauka ta miƙa masa. Nan take motar ta ɗauki salati. Dattijon ya waiwayo ya ce, "Haba baiwar Allah, ke fa mace ce." Ta ce, "Baba, sau uku ya zagi mahaifiyata kana zaune, ban ji ka ce komai ba." Ya ce, "Ai shi ɗan tasha ne."

Abin da ya sa nake rubuta wannan shi ne ni ma tsigar jikina ba ta tashi ba sai da ta yi magana. Kunnena ya ji ashar uku daga bakin namiji ya wuce su kamar ƙarar hon, ya ji ɗaya daga bakin mace ya girgiza. Ban zaɓi haka da gangan ba, haka aka rene ni, kuma na tabbata haka aka reni mafi yawan masu karanta wannan rubutu, maza da mata.

Amsar dattijon nan tana da 'yan uwa da yawa a bakinmu. Idan namiji ya yi ashar mukan ce zuciya ce ta ɗebe shi, ko mu ce yana da zafi, ko mu ce sana'arsa ce ta koya masa, tunda an san bakin tasha da bakin gareji da bakin mahauta. Uzurin yana tsayawa a kan lokacin da abin ya faru, da an huce an wuce wurin. Idan mace ce kuwa, hukuncin ba ya tsayawa a kan lokacin, kai, ba ya ma tsayawa a kanta. Za a ce ba ta da tarbiyya, wato an shigo da uwarta da ubanta. Za a tambayi gidan wa take aure, wato an shigo da mijinta. Idan budurwa ce kuma, maganar za ta kwanta a unguwa ta jira ranar da dangin wani saurayi za su zo bincike, sannan wata maƙwabciya ta rage murya ta ce yarinyar dai ba ta da laifi, sai dai bakinta ba shi da linzami. Na san auren da irin wannan jumla ta rusa. Ban taɓa jin an hana saurayi mata don an ji shi yana ashar a majalisa ko a gidan kallon ƙwallo ba, alhali duk wanda ya taɓa wucewa ta gidan kallo a daren da manyan ƙungiyoyin Ingila ko na Sifen ke wasa ya san abin da ke fitowa daga ciki.

Harshen da kansa ya riga ya raba mudun. "Ɗan iska" a bakin samari yakan zama wasa, wani lokaci har yabo, ana nufin mai wayo ko mai ban dariya ko wanda ba a iya masa. "'Yar iska" kuwa kai tsaye take tafiya ga mutuncin mace, ba ta da wata fassara mai sauƙi. Yaro ya ci ƙwallo mai kyau a ce "shege!" ana tafi. Kalmar "karuwa", wadda ita ce makamin farko da ake zarowa idan mace ta yi gardama da wani a kasuwa ko a cikin keke, ba ta da takwara mai nauyinta da za a jefi namiji da ita; "manemin mata" ba ya hana kowa shiga sahun gaba, wasu ma murmushi suke yi idan an faɗa musu. Sannan akwai jerin sunaye da muka tanada musamman domin mace mai mayar da magana: fitsararriya, ballagaza, mara kunya, mai tsaurin ido. Namiji mai irin wannan hali sau da yawa cewa ake ba ya ɗaukar raini.

Wani abin da ya fi wannan ɗaure kai shi ne kayan da ake haɗa ashar da su. Mafi munin ashar ɗinmu a kan jikin uwa aka gina ta. Ko daƙuwa, wadda yatsu biyar ne kawai ba tare da an buɗe baki ba, kowa ya san wa ake nufi da ita. Ashe ke nan mace tana cikin ashar tun kafin ta iso wurin faɗan: maza biyu za su saɓa a kan canjin naira hamsin, wadda za ta sha zagin ita ce tsohuwar da ke gida ba ta san hawa ba ta san sauka ba. Mun yarda a yi amfani da sunan mace da tsiraicinta a matsayin sandar faɗa, amma ranar da ita macen ta ɗauki sandar sai mu tuna da kunya.

Mutane da yawa suna jingina wannan bambanci ga addini, ni kuma duk inda na duba abin da na tarar ya saɓa da haka. Aya ta 11 a cikin Suratul Hujurat ta hana wasu mutane yi wa wasu izgili, ta sake ambaton mata daban ta hana su yi wa wasu mata, sannan ta haɗa kowa a cikin hanin aibata juna da jifa da miyagun laƙubba. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud ya siffanta mumini da cewa ba mai yawan suka ba ne, ba mai yawan tsinuwa ba, ba mai alfasha ba, ba mai ƙazamin baki ba, kuma babu inda aka cire ɗan tasha. A cikin Bukhari da Muslim akwai hadisin da ya sa zagin iyaye cikin manyan zunubai, da sahabbai suka yi mamakin yadda mutum zai zagi iyayensa sai aka bayyana musu cewa yakan zagi uban wani, wancan ya zagi ubansa, ya zagi uwar wani, wancan ya zagi uwarsa. Idan aka auna abin da ya faru a tashar nan da wannan hadisi, ɗan kamashon ne ya zagi mahaifiyarsa da bakin matar. Ita kanta kunyar da muka mayar kayan mata, hadisin da ya ce tana daga cikin imani a kan wani namiji ya zo, lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mutumin Madina yana yi wa ɗan uwansa faɗa saboda yawan kunyarsa, ya ce ya ƙyale shi.

Na san za a kawo mini hadisin ranar idi, inda aka yi wa mata wa'azi aka ambaci yawan tsinuwa a cikin laifuffukansu. Hadisi ne ingantacce, kuma ba ni da ja a kansa. Sai dai gargaɗin da aka yi wa mata bai zama lasisi ga maza ba. Kuma mai kawo wannan ya kamata ya haɗa da aya ta 4 a Suratun Nur, wadda ta yanke bulala 80 ga wanda ya jefi kamilalliyar mace da zina bai kawo shaidu huɗu ba. Da za a tsaya a kan wannan aya a kasuwanninmu na yini ɗaya tak, ba mata ne za su fi yawa a layin bulala ba. Ko tsohon kundin dokar Final Kod na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya ware laifi na musamman ga kalma ko ishara da aka yi da nufin ci wa mace mutunci, amma sau nawa aka ji mai tallar abinci ta kai ƙara a kan haka?

A nan Gombe muna da wani ma'aunin kuma, na Fulani, wanda kakanninmu da yawa suka tashi a kansa. Pulaaku, wato ɗabi'un Fulani na gado, da kunyar nan da ake kira semteende, ba a kan mata kaɗai aka ɗora su ba. Bafulatanin da ya kasa riƙe bakinsa a gaban jama'a ya zubar da girmansa, ko da shi ke da gaskiya. Bappana, Allah Ya jiƙansa, idan ransa ya kai matuƙar ɓaci tashi yake ya bar wurin, kuma ba a taɓa ce masa rago ba.

To amma gaskiyar magana, dokar da muke bi a aikace ta fi "mace ba ta ashar" sarƙaƙiya, kuma sai da na tambayi Addata, wato yayata, na gane haka. Ta yi dariya ta ce, "Kai dai ba ka zama cikin gida." A cikin gida uwa takan ce wa ɗanta "ubanka" sau goma kafin azahar, babu mai salati. Kaka tana zagin jikokinta son ranta, su rama cikin wasa, a kira shi raha. Taubasai suna yi wa juna, kamar yadda Fulani da Barebari ke yi. A wajen biki, idan mata suka keɓe aka kifa ƙwarya a ruwa, baitocin da ke fitowa a kiɗan amada wasunsu ba a maimaita su a gaban suruki. Tsohuwar da ta wuce haihuwa tana iya tsayawa a ƙofar gida ta wanke mai unguwa tas, a ce Goggo ce, haka take. Saboda haka ba bakin mace ne gaba ɗaya aka rufe ba. Abin da ba mu yafewa shi ne mace mai sauran ƙuruciya ta ɗaga murya a bainar jama'a, ta fuskanci namiji, ta yi masa da irin harshensa. Laifin matar tashar nan ba kalmar ba ce kawai, har da wurin da ta faɗe ta da wanda ta faɗa wa.

Ina ganin daga nan ne habaici ya samu gindin zama a bakin mata. Wadda aka hana ta faɗa kai tsaye dole ta koyi gugar zana, ta saka maganarta cikin waƙar daka, ko ta yi da kaza alhali da kishiya take. Mun daɗe muna yaba wannan a matsayin fasaha, kuma fasahar ce, amma mu ne kuma muke juyowa mu ce mata sun cika habaici da baƙar magana, ba sa fitowa fili.

Yanzu waya ta rushe katangar da ke tsakanin cikin gida da waje. Abin da a da ake faɗa a tsakar gida ya koma TikTok da Facebook, kuma mudun biyu ya bi mu can. Budurwa ta yi bidiyo da ƙazamin baki, kafin dare an yaɗa shi, an nemo sunan unguwarsu, ana kiran hukuma ta ɗauki mataki. Ka gangara ƙasan bidiyon ka karanta abin da masu yi mata nasiha suka rubuta, za ka tarar da ashar da ta ninka tata, daga maza masu hoton masallaci a fuskar shafinsu. Laifi tudu ne. Lokacin zaɓe kuwa samarin da ke yi wa 'yan siyasa aiki suna zagin iyayen abokan hamayya dare da rana, ana saya musu data, wasu ma da haka suke samun shiga.

Kada a fahimce ni a karkace, ba ina nema wa mata izinin ashar ba ne. Ba na son jin ta a bakin 'yata, kuma matar tashar nan da ta yi shiru ta nemi shugaban tasha da ya fi mata, ko da yake na san abin da mai buhu biyu a ƙasa da mota tana shirin tashi za ta ce da wannan shawara. Abin da na kama kaina da shi ne ya dame ni. Kwanaki kaɗan bayan tafiyar, ɗana mai shekara tara ya shigo daga wasa da wata kalma da ya tsinto a layi, na ce masa "kai, bari" ban ko ɗago kai ba. Na tuna cewa a bara, da yayarsa ta ce wa wani yaro "shege" saboda ya fasa mata tulu, sai da na zaunar da ita na yi mata faɗan da ya sa ta kuka, har na ce mata wa zai auri mai irin wannan baki. Tana da shekara goma sha ɗaya a lokacin. Na kira yaron na dawo da shi, na yi masa irin faɗan da na yi mata, yana ta kallona da mamaki, ita kuma tana bakin ƙofar kicin tana kallonmu ba ta ce komai ba.

Matar nan dai ta ƙara wa ɗan kamashon kuɗin da ya nema, domin direba ya ce ba zai tashi ba sai an daidaita. Ta zauna a kujerar baya ba ta sake magana da kowa ba, ta sauka a wani ƙauye kafin Kumo, wani yaro ya zo da baro ya kwashe mata kayan. Motar na tashi hira ta ɓarke a kanta: wata ta ce ita ko mijin wannan yana shan fama, wani ya ce irinsu ne ke lalata tarbiyyar yara, dattijon gidan gaba ya ce zamani ne ya zo da haka. Har muka shiga Kumo babu wanda ya ambaci ɗan kamashon, ni ma ban ambace shi ba.