Koyar da darasin teku ga yaran da ba su taɓa ganin teku ba

Cikin darussan labarin ƙasa da nake koyarwa a sakandare a nan Kano, babu wanda ya fi wuyar shiga kan ɗalibai kamar na narkewar ƙanƙarar da ke ƙuryar arewa da ƙuryar kudu ta duniya. Yaran suna da kai, matsalar ita ce ana yi musu maganar teku da dusar ƙanƙara alhali yawancinsu ba su taɓa sa ko ɗaya a ido ba. Ruwa mafi girma da wasunsu suka gani shi ne na Tiga ko Bagauda. Ƙanƙara kuwa sai wadda ake fasawa a zuba a kula lokacin azumi. Ka tsaya gaban allo a watan Afrilu, kowa na sharce gumi, ka ce akwai wata nahiya mai suna Antatika da kaurin ƙanƙararta ya kai kusan kilomita 2 a matsakaici. Yaro zai rubuta, ya haddace, ya ci jarrabawa ma, amma a ransa tatsuniya aka yi masa.

Aikin ya nuna mini cewa sai sun gani da idonsu. Nakan sayi ƙanƙara wajen masu sayarwa a bakin titi, in zo da roba biyu masu garai-garai. A ta farko mu zuba ruwa, mu jefa ƙanƙarar tana yawo a ciki. A ta biyu mu sa dutsen da kansa ya fito saman ruwa, mu ɗora ƙanƙarar a kansa. Sai ɗalibi ɗaya ya zo ya ja layi da maka daidai inda ruwan ya tsaya a kowace roba, mu ajiye su a bakin taga mu ci gaba da karatu. Zafin Kano ba ya ɓata lokaci. Kafin a kaɗa ƙararrawa sun narke, yara su yi cincirindo suna leƙe: ruwan robar farko yana nan kan layinsa, na ta biyu ya haura. Daga nan bayani yake sauƙi. Ƙanƙarar da ke yawo a kan tekun Aktik, wanda ke ƙuryar arewa ta duniya, ta riga ta ci gurbinta a cikin ruwa, narkewarta ba ta ƙara wa teku wani abin kirki. Wadda ke jibge a kan tudu, a tsibirin Girinlan da ke can arewa da Antatika da kawunan manyan duwatsu, ita ce idan ta narke ko ta gangaro take zama ƙari.

Sai dai nakan ja musu kunne kada su raina ta robar farko. Farar ƙanƙara tana mayar da hasken rana sama, idan ta gushe sai baƙin ruwan da ke ƙarƙashinta ya riƙa shan zafin, shi ya sa yankin Aktik ke ɗumama fiye da ninki biyu na sauran duniya. A gefen Antatika kuma akwai manyan faifan ƙanƙara da ke kwance a kan teku amma suna manne da tudu, su ne ke tokare ƙanƙarar da ke bayansu. A shekarar 2002 ɗaya daga cikinsu, Larsen B, mai faɗin sama da murabba'in kilomita 3,000, ya wargaje cikin makonni kaɗan, kuma ƙanƙarar da yake tarewa ta ƙara saurin gangarowa teku. Wannan ne ya sa masana suka zuba ido kan makekiyar ƙanƙarar Thwaites da ke yammacin Antatika, wadda ita kaɗai take ɗauke da abin da zai ɗaga teku da kimanin santimita 65. Akwai kuma abin da bai shafi ƙanƙara ba sam: ruwa idan ya yi zafi yana kumbura. Teku ya shanye kusan kashi 90 cikin 100 na rarar zafin da duniya ta tara, kuma wannan kumburin shi ya kawo kusan rabin hauhawar da aka auna tsakanin 1971 da 2018.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne batun alƙaluma. Akwai manyan lambobi masu tayar da hankali: da ƙanƙarar Girinlan za ta narke gaba ɗaya, teku zai hau da kimanin mita 7, ta Antatika kuwa kusan mita 58. Duk shekara da na faɗi haka sai wani ya ɗaga hannu.

"Malam, wai ruwan zai iso Kano?"

Ba zai iso ba. Kano tana sama da mita 450 daga saman teku, ko da duk ƙanƙarar duniya ta narke ba ta kusa da haɗarin nutsewa, kuma narkewa irin wannan aikin ɗaruruwa ko dubban shekaru ne. Ina gaya musu haka ƙarara, domin malamin da ya tsorata yaro da abin da ba zai faru ba ya zubar da amanar da zai buƙata gobe. Lambar da ta kamata su riƙe ƙarama ce. Kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, ya ce a rahotonsa na 2021 teku ya hau da kimanin santimita 20 tsakanin 1901 da 2018. Saurin hawan kuma ƙaruwa yake: milimita 1.3 a shekara daga 1901 zuwa 1971, amma 3.7 daga 2006 zuwa 2018. Zuwa 2100, hasashen shi ne ƙarin santimita 28 zuwa 55 idan an rage hayaƙin da ke ɗumama duniya ƙwarai, ko 63 zuwa kimanin mita guda idan aka sakar wa abin linzami.

Da sun ji santimita 20 sai jikinsu ya yi sanyi, wasu har da murmushi, wato ashe taƙi guda ne ake wa wannan kururuwa. Nan nake tambayar wanda ke zaune a cikin gari, a lungun da ruwa ke bi da damina, ya gaya mana amfanin dokin ƙofar zaurensu. Sun sani. Ruwa yana wucewa ta gabansa shekara da shekaru bai shiga ba, saboda ɗan tudun nan. To a ce an sassare taƙi guda daga tsayinsa. Ruwan saman da a da yake wucewa salin-alin yanzu tsakar gida zai kwana, kuma abin da ake gani sau ɗaya a shekaru masu yawa zai koma na kowace damina. Haka hauhawar teku take yi wa garuruwan gaɓa. Igiyar ruwa da guguwa suna tasowa ne daga matakin da ya fi na da tsawo, magudanai su kasa juye ruwan sama cikin teku, ruwan gishiri ya kutsa rijiyoyi da gonaki.

Nijeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 850, kuma mafi yawanta kwari ne. A jihar Ondo akwai garin Ayetoro na al'ummar Ilaje, wanda aka kafa a 1947, teku ya cinye babban ɓangarensa da gidaje da makarantu. A Legas, ruwan Bar Beach ya sha malalowa kan titin Ahmadu Bello da ke tsibirin Victoria, kafin a jera katangar duwatsu a cike wurin da yashi a fara gina sabon birnin Eko Atlantic. Masu hali sun sami katanga. Mazauna unguwannin da ke bakin ruwa, waɗanda gidajensu na katako ne da kwano, ba wanda ya gina musu.

A nan ne nake nuna musu cewa nisan Kano da teku a taswira kawai yake. Atamfa da shaddar da ke Kantin Kwari da kayan masarufin da ke kasuwar Singa, da yawansu ta tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can suka shigo. Riɗi da citta da zoɓorodon da ake lodi a Dawanau ta can suke fita waje. Tumatur da albasa da shanunmu a kasuwannin Legas suke samun masu saye. Nakan ba su aikin gida: kowa ya tambayi iyayensa ko suna da ɗan'uwa a Legas ko Fatakwal ko Warri, a wace unguwa yake, kuma yaya suke ƙarewa da ruwa. Da wuya ka sami wanda ya dawo hannu rabbana. Wannan kawunsa yana Mile 12, wancan yayansa yana Agege, wata gwaggonta tana aure a Idi-Araba. Wata ɗaliba ta taɓa kawo mana labarin yadda yayanta ke ɗora buhunan kayansa a kan benci duk daren da hadari ya haɗu. Ranar ba wanda ya yi gyangyaɗi a aji. Idan zama ya gagara a can, gida za su dawo, kuma gidan nan ne.

Akwai kuma tarkon da nake ƙoƙarin kada su faɗa, na ɗora wa ƙanƙarar Antatika laifin kowace ambaliya. Fashewar madatsar Bagauda a 1988, da ambaliyar 2012 da ta 2022 da suka shafi jihohi da dama, da ɓallewar madatsar Alau da ta mamaye Maiduguri a Satumbar 2024, duk ruwan sama ne da na koguna da halin da madatsu suke ciki, babu hannun teku. A cikin birnin nan mun san yadda aka cike kududdufai aka yi gini a kansu, muka toshe kwatoci da leda. A bakin teku ma ba hawan ruwa kaɗai ba ne, wani wurin ƙasar ce ke lotsawa saboda yawan zuƙe ruwan ƙarƙashinta da burtsatse. Jakarta ta yi ƙaurin suna a wannan, har yana cikin dalilan da suka sa Indonesiya ta ƙudurta mayar da babban birninta wani tsibiri. Haƙar yashi da sare itatuwan bakin ruwa a Neja Delta su ma suna buɗe wa teku hanya. Ɗalibin da ya iya rarrabe waɗannan zai san wanda zai tuhuma a kan me, ba za a rufe masa baki da cewa ai sauyin yanayi ne ba alhali kwata ce ba a yashe ba.

Tambayar da ta fi yi mini nauyi ita ce ta adalci, kuma manyan ɗalibai ba sa barin ta ta wuce. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa, amma gaɓoɓinta na cikin waɗanda ba su da kuɗin kare kansu. Ina yarda da su cewa ƙasashen da suka ƙona gawayin kwal da fetur suka yi arziki su ne ke da babban kaso na alhakin, kuma alƙawarin rage hayaƙi da tallafa wa ƙasashe masu tasowa da aka ɗauka a taron Faris a 2015 bashi ne a wuyansu. Amma ina tuna musu cewa mu ma har yau ana ƙona iskar gas a rijiyoyin man Neja Delta.

Ko da an daina fitar da hayaƙi gobe, teku zai ci gaba da hawa na ƙarnuka, domin zafin da ya riga ya shiga zurfinsa da cikin ƙanƙara ba ya fita da wuri. Yaran da ke gabana yanzu za su kai shekara arba'in wajen 2050, lokacin da ake hasashen ƙarin santimita 15 zuwa 30 a kan matakin farkon wannan ƙarni. Wasunsu su ne za su zama injiniyoyi da masu tsara birane da 'yan kasuwar da za su yanke shawarar inda za a gina sito ko a shimfiɗa titi. Shi ya sa idan lokacin cike fom ɗin JAMB ya zo nake gaya wa masu sha'awar fannin cewa akwai karatun ruwa da yanayi da safiyo, akwai kuma cibiyar binciken teku ta ƙasa a Legas, kuma babu dokar da ta ce ɗan Kano ba zai yi aiki a cikinta ba.