Wanda Ya Yi Shigar Burtu Ba Ya Dawowa Yadda Ya Tafi

Ƙannena masu son rubuta labarin 'yan sanda da masu laifi, ga abin da ya lalata labaraina na farko. Nakan tura jami'ina cikin gungun miyagu da sunan ƙarya, ya ci ya sha da su, ranar kame ya nuna katinsa, ya koma gida ya yi barci lafiya lau. Su kuwa miyagun sai in mai da su dabbobi, don kada mai karatu ya ga laifin jarumina. Da hannuna na cire wa labarin rai.

Ku dubi Joseph Pistone, jami'in FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, wanda ya saje da 'yan Mafiya, wato ƙungiyoyin manyan masu laifi, a New York daga 1976 zuwa 1981 da sunan Donnie Brasco. Dominick Napolitano na gungun Bonanno ya jawo shi jiki, kuma da asiri ya tonu a 1981, 'yan gungun suka kashe Napolitano saboda ya yarda da baƙo. Pistone aikin doka ya yi, babu shakka. Amma fa aikin ba ya yiwuwa sai an ba ka amana, kuma ka san tun ranar farko cewa za ka ci ta.

Nan ciwon yake. A labarinku, kada ku tsaya a cewa jami'inku yana cikin damuwa, ku nuna mana. Matarsa ta kira shi da sunansa na yanka har sau biyu, bai waiwayo ba. Ba ya iya zama ya ba ƙofa baya. Ƙaramin ɗan shugaban gungun, mai ce masa kawu, ya yi ta zuwar masa a mafarki.

Na kuma daɗe ina mantawa da waɗanda aka yaudara. A Landan, wani sashen sirri na 'yan sanda da ya yi aiki daga 1968 zuwa 2008 ya riƙa amfani da sunayen yaran da suka rasu. Wasu jami'ansa sun ƙulla soyayya da matan da ke cikin ƙungiyoyin da aka tura su leƙen asiri, har da haihuwa. A 2015 rundunar ta nemi gafarar wasu daga cikin matan. Irin wannan mace ta cancanci babi nata, da bakinta.

Kada ku rufe labari a ranar kame, kamar yadda na saba yi. Ku kai jami'in kotu ya ba da shaida, abokinsa na jiya yana zaune yana kallonsa.